Filin Harbin Baka: Yadda Za a Karɓi Sabon Shiga Ba a Firgita Gari Ba

 Ga abin da muka tattauna a shirin wasanni na wannan makon, saboda wanda bai samu ji ba, ko yana kan hanya ko batirin rediyonsa ya mutu.

Tambayar da ta jawo maganar ita ce: idan samarin gari suna son kafa nadi na gasar harbi, irin wanda ake kafa alama a auna ta a ƙirga maki, ta yaya za su jawo sababbin mutane, kuma su riƙe su? Amsata a gajarce: a ajiye zancen bindiga, a ɗauki baka, a yi abin a fili inda kowa zai gani.

Harbi da bindiga wasa ne na gaske a duniya, yana cikin gasar Olamfik tun 1896. Akwai na bindigar iska daga nisan mita 10, inda ɗigon tsakiyar alamar bai wuce rabin milimita ba. To amma bindigar gasa guda ɗaya ta fi saniya kuɗi, kuma dokar makamai ta Sudan ta 1986 ba ta yarda a riƙe bindiga babu lasisi ba. Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban dalilin kun san shi. Ba mu manta da watan Yuli na 2022 a Rusairis da Damazin ba, da kuma Oktoban shekarar a Wad al-Mahi, inda ɗaruruwan mutane suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. Bayan nan yaƙin Afrilun 2023 ya zo, ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya isa Sinja a 2024. A irin wannan ƙasa, samari ashirin su taru bayan gari ana jin ƙarar harbi, wallahi babu maƙwabcin da zai ce wasa suke yi.

Baka kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakannin mutanen Mai Wurno da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, da yawansu da kwari da baka suka tari Turawa, kuma kibiya ce ta kashe Manjo Mash, kwamandan Turawan, a ranar. Ƙasar da suka sauka a cikinta ita ma ta masu baka ce tun fil azal. Misrawan dā "ƙasar baka" suke kiran yankin Nuba, kuma Larabawan da suka gwabza da mutanen Dungula a 652 laƙabi suka ba su na masu harbin ƙwayar ido, saboda tsabar iya bara. Har yau akwai makiyaya a kudancin Nilul Azraƙ da ba sa rabuwa da kwarinsu. Ashe malaman suna nan kusa, fili da ƙa'ida ne kawai babu.

To, kafin a harba kibiya ta farko, a fara da ƙafa. A je wurin mai gari ko umda, a je ofishin 'yan sanda, a sanar da liman. Sannan, kuma nan ne na fi dagewa, a taka har garuruwan maƙwabta waɗanda ba Hausawa ba, a gayyace su da baki. Kada a kira nadin da sunan ƙabila. Kada a yi fareti, kada a sa kaki, kada a zana siffar mutum a jikin alama ko da wasa. A zaɓi fili kusa da gari, da rana tsaka ko bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi don 'yan kallo, mai shayi ya kafa teburinsa. Abin da aka yi a gaban dattawa da yara da mai tallan gyaɗa, da wuya a yi masa mummunar fassara. Idan hukuma ta ce a dakata saboda dokar ta-ɓaci, a dakata ɗin.

Shi filin, abin dubawa shi ne bayan alama. Kibiyar sabon shiga takan wuce, don haka a samu bango ko tudun ƙasa a baya, kuma kada hanyar mutane ko burtali ya ratsa wurin. Gefen tur'a yana da ban sha'awa don akwai tudu, amma nan ne mata ke ɗiban ruwa, nan dabbobi ke sha. A nisance shi. Alama kuwa ba ta buƙatar kuɗi: buhu ne a cusa masa ƙaiƙayi ko tsumma a danne sosai, a manna takarda mai da'irori. Launukan da duniya ta sani guda biyar ne: rawaya a tsakiya maki 10 da 9, ja 8 da 7, shuɗi 6 da 5, baƙi 4 da 3, fari 2 da 1.

Ga wata doka da ba ta da sassauci. Kibiyar daji ba ta shiga fili. Duk mai kunne, duk wadda aka taɓa shafa wa dafi, ko da an ce ya tsufa, a bar ta a ruga. Nadi ya tanadi nasa kibiyoyi na kyauro masu baki sumul, a riƙa ƙirga su kafin a fara da bayan an gama, a kulle su wurin mutum ɗaya. Wanda ya zo da bakansa ya shigo da shi a kwance tsirkiya. Ku 'yan'uwa makiyaya, wannan ba raini ba ne. Kariya ce gare ku, don ranar da wani abu ya faru a gona, kada a ce daga filin nan aka ɗauko.

Yanzu ga sabon shiga ya iso. Kuskuren da ƙwararru ke yawan yi shi ne su miƙa masa baka mai tauri, su tsayar da shi nesa, ya harba ta faɗi a gabansa, a kwashe da dariya. Ai ba zai dawo ba. A Olamfik daga mita 70 ake harbi, alamar kuma faɗinta santimita 122, amma wannan aikin shekaru ne. Baƙo a tsayar da shi a mita 5, in ya saba a kai shi 10, da baka mai laushi wanda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ja. Burin ranar farko ɗaya ne: ya ji ƙarar kibiyarsa ta shiga buhu, tum! Wannan sautin ne yake dawo da mutum mako mai zuwa.

Kafin ya riƙe bakan, a gwada idonsa. Ya haɗa tafukansa ya bar 'yar kafa, ya hangi wata bishiya ta ciki da ido biyu a buɗe, sannan ya jawo hannun zuwa fuskarsa a hankali. Idon da kafar ta nufa shi ne mai bara. In na dama ne, baka a hannun hagu. In na hagu ne, a juya. A ɗaura masa 'yar fata a damtse don tsirkiya tana tsula, wata kuma a yatsu. A gaya masa kada ya taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, baka na iya tsagewa. Sai usur: biyu, a zo kan layi, ɗaya, a harba, uku, a je a ciro kibiyoyi, in aka ji an yi ta busawa ba tsayawa, kowa ya sauke bakansa nan take. Haka ake yi a gasar duniya, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da usur ɗin, ko da mai gari ne a kan layi sai ya bi shi.

Zancen kuɗi. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Damazin da Kurmuk ko Gisan ba zai iya biyan kuɗin wata ba, don rabin watan ba ya gari. Makiyayi ma da rani ya yi kudu, da damina ya yi arewa. Saboda haka ranar farko kyauta, bayan nan a biya na ranar da aka zo kawai, kuma a ɗora ranar harbi a kan ranar kasuwa. A ajiye littafi da sunan kowa da makinsa, wanda ya ɓace wata huɗu ya dawo ya tarar da shafinsa yana jiransa. Kyautar gasa kuwa ta fito daga hannun wanda ba ya cikin masu harbin, wani attajiri ko mai gari. Malamanmu sun san harbin kibiya yana cikin gasannin da shari'a ta yarda a sa musu kyauta, amma in kowa ya zuba kuɗi mai nasara ya kwashe, an shiga caca.

Kada a ce wasan na samari masu ƙarfi ne kaɗai. Marlyse Hourtou mace ce 'yar Cadi, ta wakilci ƙasarta a Olamfik ɗin Tokiyo. A ware wa mata lokacinsu, da mace mai koyarwa. Matt Stutzman, Ba'amurke da aka haifa babu hannuwa, da ƙafa yake riƙe baka, kuma ya ci zinare a gasar naƙasassu ta Faris a 2024. Garuruwanmu yanzu akwai waɗanda yaƙi ya raba da ƙafa. A kan kujera ma ana harbi, a aika a ɗauko su.

Wanda kuma kibiyarsa ta kauce yana jin kunya, a ba shi labarin Israel Madaye, shi ma ɗan Cadi. A Olamfik ɗin Faris ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya tashi da zinare uku a gasar. A gaban duniya wata kibiyar Madaye ta faɗa kan fari, maki 1 tak. Ya ɗana ta gaba ya ci gaba da harbinsa.

A shiri na gaba za mu zo da bayanin yadda ake zaɓen kyauro da miƙar da shi a kan wuta. Wanda ya iya murza tsirkiya a cikinku, ya aiko mana da saƙon murya mu sa a shirin.