Wa Ake Ɗagawa Zuwa Babban Aji Idan Jirgi Ya Cika?

Kamfanonin jiragen sama sukan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, domin akan sami fasinjojin da ba su zo ba. Ran da kowa ya hallara, sai a mai da wasu babban aji kyauta, in akwai gurbi.

To, wa ke da rabo? Idan mutum ya yanki tikiti wurin Delta, alhali jirgin KLM ne zai ɗauke shi, hukunci yana hannun mai jirgi. Shi kuwa yakan fara da manyan abokan cinikinsa, sannan masu tikiti mai tsada. Mai tikitin araha kada ya sa rai.

Wanda kuwa aka hana shi shiga a filayen Tarayyar Turai, dokar 2004 ta ba shi diyyar Yuro 250 zuwa 600.