Ko Kun Sani? Ruwan Gishiri Ma Ya Sa Mutane Ciwon Kai

A gwaje-gwajen rigakafin korona, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen da aka yi wa allurar wofi, irin ta ruwan gishiri zalla, sun koka da ciwon kai, kasala da makamantansu. Alhali ko ɗigon maganin bai shiga jikinsu ba.

Masu bincike a birnin Boston na Amurka ne suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum sama da 45,000, suka bayyana shi a 2022. Ba wanda ya san irin allurar da aka yi masa. Bayan allura ta farko, kashi 35 cikin ɗari na masu allurar wofi suka ce jiki ba daɗi, masu ta gaske kuwa kashi 46. Sai a allura ta biyu tazarar ta buɗe sosai.

Likitoci na kiran irin wannan ciwo na masu allurar wofi nosibo. Wanda aka cika wa kunne da labarin illa yakan zauna cikin fargaba yana sauraron jikinsa, ciwon da ko ba allura zai yi sai ya ɗora mata. Ba ƙarya yake yi ba: tsoron shi kansa na iya haddasa ciwon kai na gaske.