Al'adar Sauraron Kiɗan Falo a Tsakanin Ma'abota Kayan Sauti na Hai-fai

Kiɗan falo, wanda masu shi suke kira launji, nau'in kiɗa ne mai sanyi da ya yi tashe a Amurka daga farkon shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960, kuma tun asali an tsara shi ne domin ya riƙa tashi a hankali a falon otal-otal da gidajen cin abinci da mashaya, inda jama'a suke hira, ba tare da ya hana kowa jin maganar abokin zamansa ba. Ma'abota hai-fai kuwa su ne mutanen da suka duƙufa wajen mallakar na'urorin da suke fitar da sauti daidai da yadda aka naɗe shi, babu ƙari babu ragi, har mai sauraro ya ji kamar makaɗan suna gabansa. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta haifar da wata al'ada mai ƙa'idoji da ladubba, wadda a cikinta kiɗan da aka yi domin rakiyar hira ya koma abin da ake zama musamman a kasa masa kunne, ake kuma gayyatar abokai domin a ji daɗinsa tare.

Asalin al'adar

Tushen wannan al'ada yana cikin sauye-sauyen da fasahar naɗar sauti ta samu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan garmaho mai dogon zango, wanda yake juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kuma kowace fuskarsa take ɗaukar kiɗan da ya kai minti 20 ko fiye, alhali tsohon faifai mai juyi 78 ba ya wuce minti huɗu ko biyar. A daidai wannan lokaci ne aka kafa kamfanonin da sunayensu suka zama abin alfahari a bakin ma'abota har yau, irin su McIntosh a 1949 da Marantz a 1953, yayin da kamfanoni kamar Heathkit da Dynaco suke sayar da kayan amfilifaya, wato na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, a warwatse cikin kwali domin mai saye ya harhaɗa da hannunsa. Daga 1949 aka fara baje kolin kayan sauti a birnin New York, inda kowane kamfani yake kama ɗaki a otal ya jera kayansa, jama'a kuma su riƙa shiga ɗaki ɗaki suna saurare suna kwatantawa.

Babban sauyi ya zo a 1958, lokacin da faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai. Sitiriyo shi ne raba sauti gida biyu, ɗaya ya bi lasifikar hagu ɗaya ta dama, ta yadda kunne zai iya gane wurin da kowane makaɗi yake tsaye, saɓanin mono wanda komai yake fitowa ta hanya ɗaya. Magidancin da ya kashe albashin watanni wajen sayen kaya yana bukatar faifan da zai nuna wa baƙinsa cewa kuɗin bai tafi a banza ba, don haka faifan gwaji na farko suka cika da ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa daga hagu zuwa dama da tsalle-tsallen ƙwallon tebur. Amma da yake babu wanda zai kwashe dare yana sauraron jirgin ƙasa, sai kamfanoni suka nemi kiɗan da yake da daɗin ji kuma yake fito da gwanintar na'ura, a nan ne kiɗan falo ya samu gurbinsa.

Makaɗan da ake ji da su

Reshen farko da ma'abota suke girmamawa shi ne wanda ake kira eksotika, wato kiɗan da yake zana wa mai sauraro hoton tsibirai da dazuzzuka masu nisa. Les Baxter ne ya share masa fage da faifansa Ritual of the Savage na 1951, sannan Martin Denny, wanda yake kiɗa da ƙungiyarsa a otal ɗin Hawaiian Village da ke Waikiki a Hawai, ya ɗaukaka shi da faifan Exotica na 1957, inda makaɗan suke kwaikwayon kukan tsuntsaye da kwaɗi da bakinsu a kan sautin fiyano da 'yan ganguna da bibrafon, wani kayan kiɗa mai jerin sandunan ƙarfe da ake bugawa da sanda mai taushin kai. Arthur Lyman, wanda ya bar ƙungiyar Denny ya kafa tasa, ya naɗi faifansa Taboo na 1958 a cikin wata ƙubbar sanholo da ke harabar wannan otal, kuma amon da ginin ya ba kiɗan shi ne dalilin da ya sa ake gwada lasifika da shi har yanzu.

Reshe na biyu shi ne na gwanayen sitiriyo. Enoch Light ya kafa kamfanin Command a 1959, ya fitar da Persuasive Percussion wanda fitaccen mai zane Josef Albers ya ƙawata bangonsa, kuma a cikin bangon aka rubuta wa mai saye dalla-dalla abin da ya kamata ya ji daga kowace lasifika idan kayansa suna aiki daidai. Juan García Esquivel, ɗan ƙasar Meziko, ya zarce haka a faifansa Latin-esque na 1962, domin ya raba makaɗansa gida biyu a ɗakunan naɗar sauti daban-daban, don kada sautin hagu ya gauraya da na dama. A gefen waɗannan akwai kiɗan fina-finai na Henry Mancini, da goge masu kwarara na ƙungiyar Mantovani a Ingila, da bosa-noba ta Birazil wadda faifan Getz/Gilberto na 1964 ya yaɗa a duniya.

Shirin ɗaki da hidimar faifai

Ma'aboci na gaske yana fara ne da ɗaki kafin kiɗa. Ana ajiye lasifika biyu nesa kaɗan da bango, a sa kujera a gabansu ta yadda tazarar da ke tsakanin lasifikun za ta yi daidai da tazarar kowace ɗaya zuwa kujerar, kuma wannan kujera ita ce mazauni mafi daraja a ɗakin, domin a nan kaɗai sautin yake haɗuwa ya zama kamar dandamali shimfiɗe a gaban mutum. Ana shimfiɗa darduma mai kauri, a rataya labule, a jera littattafai a jikin bango, saboda bango tsirara da dandaɓe suna mayar da amsa-kuwwa su dagula sauti. Masu amfani da tsohuwar amfilifaya mai kwalaben gilashi da ake kira bawul sukan kunna ta tun kafin baƙi su iso, domin sai ta ɗauki zafi take daidaita.

Shi kansa faifan yana da hidimar da ba a tsallakewa. Ba a taɓa fuskarsa da yatsa, sai dai a riƙe shi ta gefe da ta tambarin tsakiya, a share ƙura da buroshi mai laushi kafin a ɗora allura, a kuma tabbata nauyin da allurar take dannawa bai wuce abin da masu ƙera ta suka ƙayyade ba, wanda a mafi yawan allurai na zamani yake kusa da giram biyu. Idan an gama, ana mayar da shi cikin rigarsa a jingine shi a tsaye, nesa da rana, domin zafi da kwanciya a ƙarƙashin nauyi suna lanƙwasa shi. Baƙo ba ya kai hannu ga garmahon mai gida sai da izini, kuma ko an ba shi izinin, mai hankali yakan bar wa mai kayan ɗora allurarsa.

Ladubban zaman saurare

Zaman yakan kasance da yamma ko da dare, da mutane kaɗan, a rage hasken fitila, a kawo abin sha da ɗan abin taɓawa, wanda a Amurka da Turai yakan haɗa da haɗe-haɗen barasa da wannan kiɗa ya taso tare da su, wasu kuma su tsaya ga gahawa ko shayi. Alamar karamci ta farko ita ce mai gida ya tashi daga kujerar tsakiya ya ba baƙo, sannan a riƙa karɓa-karɓa har kowa ya zauna a kanta. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, yakan riƙo faifai biyu ko uku, ɗaya wanda ya haddace sautinsa domin ya auna kayan mai gida da shi, ɗaya kuma wanda yake fatan babu wanda ya taɓa ji a cikin mahalarta. Da allura ta sauka sai magana ta ɗauke, ba a katse waƙa a tsakiya, kuma sau da yawa ana barin fuska guda ta ƙare, sai lokacin juya faifai ne ake buɗe hira, bangon faifan yana zagayawa hannu hannu ana karanta sunayen makaɗa da injiniyan da ya naɗi sautin.

A irin wannan hira ake jin kalmomin da suka keɓanta da su, kamar a ce sauti yana da ɗumi, ko yana da kaifi, ko dandamalinsa yana da faɗi da zurfi. Idan ana son kwatanta na'urori biyu, ana sa waƙa ɗaya a kowace, bayan an daidaita ƙarfin sautinsu, domin kunne yakan fifita wadda ta fi ƙara ko da ba ta fi kyau ba. Kushe kayan mai gida a gabansa rashin ladabi ne, sai dai in shi ya nemi a faɗa masa gaskiya.

Farauta da musayar faifai

Lokacin da kiɗan rok ya mamaye kasuwa a tsakiyar shekarun 1960, matasa suka ɗauki kiɗan falo a matsayin kayan iyaye, faifansa suka koma jibge a shagunan gwanjo ana sayar da su a kan 'yan kuɗi ƙalilan. Masu tonon akwatunan waɗannan shaguna ne suka ceto shi, suna kwafe abin da suka samo a kaset suna aika wa juna ta gidan waya, kowane kaset da jerin sunayen waƙoƙi a rubuce da hannu. Wannan musaya ce ta haifar da farfaɗowar shekarun 1990, lokacin da littafin Incredibly Strange Music ya fito a 1993, aka sake buga ayyukan Esquivel a 1994 yana raye ya ga sabon farin jininsa, sannan kamfanin Capitol ya buɗe taskarsa da jerin Ultra-Lounge a 1996. A wannan zamanin ne kuma sunan ya faɗaɗa ya haɗa da kiɗan lantarki mai sanyi na tarin waƙoƙin Café del Mar na tsibirin Ibiza a Sifaniya da Buddha-Bar na Faris.

Ciniki tsakanin ma'abota yana tafiya ne a kan amana, domin akwai matakan da aka yarda da su na bayyana lafiyar faifai, daga wanda yake kamar sabo har zuwa wanda ya karce, kuma wanda ya ƙara wa kayansa daraja fiye da gaskiya sunansa yakan ɓaci. Gwanaye sukan duba lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da tambari domin gane bugun farko daga na baya, sun kuma san cewa Exotica na mono da na sitiriyo ba naɗi ɗaya ba ne, saboda an sake naɗar na sitiriyo bayan Lyman ya bar ƙungiyar.

Gidajen saurare na Japan

Japan ta fitar da al'adar saurare daga gida zuwa bainar jama'a ta hanyar gidajen gahawa da ake kira kissa, waɗanda suka bunƙasa a zamanin da faifan ƙasashen waje ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, ta yadda da kuɗin kofi ɗaya mutum zai zauna awanni gaban manyan lasifiku. Akasarinsu na kiɗan jaz ne ko na gargajiyar Turai, kamar Lion a unguwar Shibuya da aka buɗe a 1926, da Chigusa a Yokohama a 1933, da Basie a Ichinoseki a 1970, kuma wasunsu suna hana magana gaba ɗaya a wasu sa'o'i. Eksotika ma ta samu masoya a can, har ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta sake kaɗa wani kiɗan Martin Denny a 1978. Daga waɗannan gidaje ne wuraren saurare da aka buɗe a Landan da New York a 'yan shekarun nan suka ɗauki samfuri.

Saɓani da suka

Ma'abota ba bakinsu ɗaya ba, domin an daɗe ana jayayya tsakanin masu fifita amfilifaya mai bawul da masu fifita mai tiransista, da tsakanin masu riƙo da faifan garmaho da masu sauraron sautin kwamfuta, da kuma tsakanin masu dogaro da kunne da masu cewa sai abin da na'urar awo ta tabbatar. Ana zargin wasunsu da sauraron kaya maimakon kiɗa, da kashe dukiya a kan wayoyi masu tsada da ba a tabbatar da amfaninsu ba. Suka mafi nauyi kuwa ta shafi eksotika, domin Afirka da Asiya da tsibiran Fasifik da take zanawa ƙirƙira ce ta mawallafan Amurka, ba kiɗan mutanen waɗannan wurare ba ne, kuma sunayen faifan da hotunan bangonsu sun sha nuna waɗannan al'ummomi a matsayin mutanen daji. Ma'aboci mai adalci yana jin daɗin gwanintar naɗin, amma ba ya ɗaukar sa shaida a kan al'adar kowa.

Duk da wannan, alherin al'adar ya rinjayi aibinta. Ta adana dubban faifai da kamfanoninsu suka yi watsi da su, ta dawo wa makaɗa da injiniyoyin da aka manta da su martabarsu, ta kuma koyar da cewa saurare aiki ne mai bukatar natsuwa da haƙuri da girmama abokin zama. Darajar zaman ba ta rataya a kan tsadar amfilifaya ba, ta rataya ne a kan mai gidan da ya ba baƙo kujerar tsakiya da baƙon da ya zo da abin da zai ƙari jama'a, kuma wannan ɓangare na al'adar shi ne ya fi cancanta a riƙe.