Kurma yana jin kiɗa? Abin da na gani a Dukawuya

A wani biki da aka yi a unguwarmu, kusa da Ƙofar Dukawuya, na tsaya ina kallon wani matashi kurma da na sani tun muna yara. Masu ganga na ta kiɗa, shi kuwa ya matso dab da su yana taka rawa, kuma ƙafarsa ba ta saɓa wa bugun gangar ko sau ɗaya. Wata dattijuwa a gefena ta ce, "Ai kwaikwayon mutane yake." Na ce, "Hajiya, ki duba, idonsa a rufe yake."

To me yake ji? Sauti dai jijjiga ce. Idan aka bugi fatar ganga, takan girgiza iskar da ke kusa, girgizar ta taho ta daki dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wani sashe mai siffar katantanwa a can ciki. A nan akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke mayar da girgizar saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Abin da sanƙarau ke yi wa wasu yaran da suka tsira daga gare shi ke nan, kuma Kano ta ga annobarsa a 1996. Ƙyanda ma takan kurumtar.

Amma fa ba kunne kaɗai ke kama jijjiga ba. A cikin fata, musamman tafin hannu da tafin ƙafa, akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu ke nan. Kunne lafiyayye yana kama girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Fata kuwa ta fi kama wadda ke wajen sau 250, kuma da an kai sau 1,000 sai ta gaza. Shi ya sa ganga da tambari, masu kaurin amo, suke isa ga kurma ta ƙirji da ƙafa, siririn sautin sarewa kuma ya wuce shi. A 1998 wasu masu bincike a Finland sun gwada wani dattijo da aka haifa kurma, suka ga cewa idan jijjiga ta taɓa hannunsa, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da ji yana motsawa. Wato ƙwaƙwalwa ba ta bar wurin a banza ba, ta ba shi wani aikin.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne kalangu. Kun san kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiya a hammata, amo ya hau ko ya sauka, ya bi karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin wa ake yi. Fata ba ta iya bambance hawa da saukar amo kamar kunne. Ko da ta iya, wanda bai taɓa jin kalmar da kunnensa ba, ba shi da abin da zai kwatanta da ita. Saboda haka a ganina wanda aka haifa kurma yana samun bugun kalangu, amma maganarsa tana ga wanda ya san karin. Wanda ya kurumce da girma, shi nasa daban ne, domin karin na nan a kansa.

Wannan bambancin ne ya bayyana labarin Beethoven, mashiryin kiɗa ɗan Jamus da aka haifa a 1770. Jinsa ya fara raguwa kafin ya cika shekara 30, lokacin ya riga ya ƙware. A 1824, da aka fara gabatar da babban kiɗansa na tara a birnin Biyana, kusan ba ya jin komai. Da ka yake sauraro yana rubutawa, kamar yadda kai ma za ka iya rera waƙa a zuci ba ka buɗe baki ba. Ita kuwa Evelyn Glennie, 'yar Sikotiland da ta kurumce tana da shekara 12, ta zama shahararriyar makaɗiya, kuma sau da yawa ba takalmi take kiɗa don ta ji girgizar ta ƙafa.

Kuramen Kano suna da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa a 2000, ga kuma makarantar Tudun Maliki. Duk da haka a gidaje da yawa, da an fara kiɗa sai a bar yaro kurma a gefe, wai ba abin da zai ƙaru da shi. Ku gwada ba shi balan-balan da aka hura ya riƙe kusa da ganga, ku kalli fuskarsa. Sai dai a kula: yawancin kurame suna da ɗan sauran ji, kuma manna kai a jikin lasifikar biki na iya ƙarasa shi. Hannu za a ɗora a kan akwatin, kunne kuma a toshe.