Me ya haɗa likita da karatun yara masu naƙasa?

Likita ne wanda iyaye ke fara kai wa yaro idan ya makara bai fara magana ba, ko ya daina ji bayan ciwon sanƙarau, ko ƙafarsa ta shanye. Sau da yawa zancen kan tsaya a magani, ba a taɓo karatu ba, sai iyaye su koma gida da zaton ɗansu ba shi da rabo a makaranta.

Alhali dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ga kuma makarantu na musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri, Jihar Filato.

Likitan da ya san wannan zai tura yaro kurma koyon maganar hannu tun yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zai kuma rubuta wa malamai takarda cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta daga wani, mai raunin gani kuwa a zaunar da shi a gaban aji.