Ko Ka Sani? Tsakanin Majigin Gida da na Kanti, Haske Ne Alƙali

Ko ka san cewa ƙaramin majigin nan mai araha da ake sayarwa a kasuwa yau, idan aka kwance shi, abin da ke cikinsa kusan shi ne abin da masu sha'awar ƙere-ƙere a Amurka da Turai suka riƙa haɗawa da hannu cikin akwatin katako a farkon shekarun 2000? Fitila ɗaya, allon LCD ɗaya, gilasai masu tattara haske, madubi da fanka. To, tunda haka ne, me zai hana mutum ya haɗa nasa?

Dabarar kanta tsohuwa ce. Shekaru dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, masanin nan haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana hoton waje a bango a juye. Wajen 1659 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya zana na'urar da ke haska hoton da aka yi a kan gilashi zuwa bango. Mu ma a Arewa ba baƙonmu ba ne: a zamanin Turawa motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noma.

Majigi mafi sauƙin haɗawa shi ne na kwalin takalmi. Ka shafe cikin kwalin da baƙin fenti don kada haske ya yi ta yawo a ciki. Ka yanke rami a gefe guda, ka liƙa gilashin ƙara girma da salatif, ka toshe duk wata kafa. Sai ka tsayar da waya a ciki, haskenta a ƙure, fuskarta na kallon gilashin. Hoton zai fito a bango kai ƙasa ƙafa sama, don haka dole ka kulle juyawar allon, ka kifa wayar. Ka riƙa matso da ita gaba ko baya a hankali har dishi-dishin ya washe. Rubutu kuwa zai fito a birkice, dama ta koma hagu, sai an karkata madubi a ciki kafin ya daidaita.

Zai yi aiki, amma sai cikin baƙin duhu, kuma lissafi ne ya jawo haka. A ce fuskar wayar inci 6 ce, kana son hoto mai inci 60. Tsawo ya ninka sau goma, faɗi ma sau goma, wato filin ya ninka sau ɗari, alhali hasken bai ƙaru ba. Kamar ka zuba cokalin sukari guda ne a tulun ruwa. Ƙari a kan haka, kaɗan ne daga hasken wayar yake bi ta gilashin. Sauran yana mutuwa a jikin kwali.

Shi ya sa masu haɗa majigi na gaske suka bi wata hanya. Sukan samo allon kwamfuta, galibi mai inci 15, su ɓare shi a tsanake, su cire fitilar bayansa, ya rage sai gilashin da ke ɗauke da hoto. A bayansa su kafa fitila mai ƙarfin wat 250 ko 400, irin ta haska filin wasa da manyan ɗakunan ajiya. Allon kan zauna tsakanin faifai biyu masu zobba-zobba da ke tattara haske, ƙirar da Augustin Fresnel na Faransa ya fito da ita a shekarun 1820 don hasumiyoyin da ke yi wa jiragen ruwa jagora. Na farko ya miƙar da hasken, na biyu ya tattaro shi zuwa gilashin gaba.

Me ya sa fitilar ta yi ƙarfi haka? Allon LCD ba ya samar da haske, tace shi yake yi. Shimfiɗarsa ta farko tana tare fiye da rabi, sannan matatan ja da kore da shuɗi su tare mafi yawan abin da ya rage. A ƙarshe abin da ke wucewa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sauran ya zama zafi. Fanka ta tsaya na ɗan lokaci, allon ya fara yin baƙin tabo. Ga haɗarin gobara, ga na lantarki, ga hasken da ke lahanta ido.

A wancan lokaci na farkon shekarun 2000 wahalar ta biya. Majigin kanti yana da tsadar gaske, ƙwan fitilarsa kan ƙare bayan kimanin sa'o'i 2,000, sabo kuma sai an ajiye ɗaruruwan daloli. Fitilar LED ce ta sauya lissafin: ba ta cin wuta sosai, kamfanoni kuma kan ce tana kai sa'o'i 20,000 ko fiye. Masana'antu suka ɗauki wancan tsarin mai allo ɗaya suka ƙanƙance shi, har ya zama kuɗin kayan haɗi da na kafinta kan zarce kuɗin sabo. Manyan majigai kuma sun yi wa aikin hannu nisa. Wasu suna raba haske zuwa alluna uku, kowanne da launinsa. Wasu suna aiki da DLP, ƙirar da Larry Hornbeck na Texas Instruments ya fito da ita a 1987, inda madubai ƙanana wajen miliyan biyu ke motsi a kan guntun da bai fi kan sarki girma ba.

Sai dai araha ba ta ado. Adadin hasken da ake bugawa a kwalin masu arahar sau da yawa cika baki ne. Nemi wanda aka auna da ma'aunin ANSI. Wani akan rubuta yana karɓar 1080p, alhali allonsa na ciki bai kai rabin haka ba. Tambayi ko ana iya buɗe shi a share, domin ƙurar hunturu tana bin fanka ta kwanta a kan allon, ta fito ɗigo-ɗigo a bango. Gani ya kori ji: a kunna maka shi kafin ka biya.

Saboda haka, mai gidan kallon ƙwallo, ko makarantar da ke dogaro da sola ko janareta, ya sayi na kanti. Ya fi haske, ya fi aminci, ya fi sauƙin wuta. Amma malamin kimiyya da uba mai son ɗansa ya buɗe ido, su nemo kwali da gilashi. Yaron da ya ga hoto ya juye a bango, ya matsa waya da hannunsa har ya washe, ya fahimci abin da allo da alli ba za su koya masa cikin mako guda ba. Irinsa ne gobe ba za a yaudare shi a shago ba, kuma shi za a kai wa majigin unguwa idan ya lalace.