An Ɗaura Aure, Biza Ta Hana Tarewa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ɗaura aure ranar Asabar, a ci a sha a watse, amma shekara ta zagayo amarya tana nan a ɗakin mahaifiyarta. Ba rigima aka yi ba, ba kuma kayan ɗaki ake jira ba. Ango yana Manchester ko Houston ko Jidda, ita tana Kano ko Damagaram, biza ce ta hana tarewa. Wani lokacin matar ce ke waje, mijin ne ke zaman jira. Tun dangi suna tambayar "yaushe ne tafiyar?" da fara'a har su koma yi da tausayi, daga nan kuma sai tsegumi ya shigo.

Tushen yawancin wannan wahala abu ɗaya ne. A wurinmu, da zarar waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an biya sadaki, shaidu sun ji, aure ya ƙullu. Jami'in da zai duba takardar neman biza kuwa bai halarci ɗaurin auren ba, bai san liman ba, bai san kowa a cikin dangi ba. Abin da aka ajiye masa a rubuce kaɗai yake gani, da shi kuma zai yanke hukunci. Don haka aikin biza tun kafin a sa rana ya kamata a fara shi, ba bayan an watse daga biki ba.

A fara da takardar shaidar aure. Ƙa'idar da Birtaniya da Amurka suke bi ita ce, auren da ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, su ma sun yarda da shi. Dokar Najeriya ta san auren Musulunci, ta san na gargajiya, ta san na rajista, saboda haka ba dole ne sai an sake ɗaura wani aure a ofishin rajista ba. Abin da ake bukata shi ne takarda daga hukumar da ke da hurumin bayarwa, mai ɗauke da rana da wuri da sunayen ma'aurata da na shaidu. Idan da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, sai a haɗa da fassarar da ƙwararren tafinta ya sa wa hannu. A kula kuma, auren rajista a Najeriya na mace ɗaya ne. Mai mata a gida ya je ya yi shi da wata, ya karya doka. Can cikin Ingila kuma lamarin juyawa yake yi: auren da aka ɗaura a masallaci ko a falon gida ba tare da an bi tsarin rajistar ƙasar ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Haka sakin da aka furta a can bai raba aure a idon hukuma ba sai kotu ta raba. Wanda ya taɓa aure, namiji ko mace, lallai ya nemi takardar saki ko ta rasuwa, domin za a tambaya.

Sai batun wakilci, wanda ya fi shafarmu fiye da yawancin al'ummu. Mun saba ango yana wata ƙasa, kawunsa ya karɓa masa aure, babu wanda zai ga aibu. Dokar shige da fice ta Amurka kuwa ba ta lissafa auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya, har sai sun haɗu bayan ɗaurin auren sun zauna a matsayin miji da mata. Kanada ta fi tsanani, tun shekarar 2015 ta daina karɓar irin wannan aure don ɗaukar nauyin miji ko mata. Birtaniya tana karɓa idan ya halatta a inda aka ɗaura, amma da sharaɗin mutanen biyu sun taɓa haɗuwa ido da ido. Shawarar da zan bai wa kowane ango ita ce ya daure ya zo bikinsa da kansa. Kuɗin jirgi da zafi, amma hatimin shigowa da ke cikin fasfonsa da hotunan bikin sun fi kowace rantsuwar kotu ƙarfi.

Akwai wata matsala da ake rainawa, ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. Mutum ɗaya ne, amma a fasfo Mohammed, a takardar makaranta Muhammad, a katin NIN Muhammadu; wata takardar ta sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, wata kuma ta rage masa shekara biyu tun lokacin neman aiki. Mu mun san yadda hakan ke faruwa. Jami'in biza yana iya ɗaukarsa mutum biyu, ko kuma ƙarya. A daidaita takardu tun da wuri, domin gyaran yana cin watanni. Shekarun amarya ma abin dubawa ne: Birtaniya ba ta ba da bizar aure sai dukansu biyu sun cika 18.

Daga nan sai a gamsar da su cewa auren na gaskiya ne, ba na neman takarda ba. Nan ne kunya irin tamu take iya cutar da mutum. Yarinyar da ta tashi ba ta faɗin sunan miji, ba ta ɗaukar hoto da saurayi, sai ga ta gaban baƙo yana tambayarta inda suka haɗu, aikin da yake yi, sunan unguwarsa, ranar da ya zo na ƙarshe. Shirunta ko sunkuyar da kai, wanda a gida tarbiyya ce, a can yana iya zama alamar ba ta san mutumin ba. Auren haɗi ba laifi ba ne a dokokin waɗannan ƙasashe, auren dole ne suke yaƙa. Idan iyaye ne suka haɗa, a faɗa a fili, a bayyana yadda aka yi. A adana hirarrakin WhatsApp, rasiɗin kuɗin da ake turowa, tikitin jirgi, hotunan kai lefe da na kamu da na walima. Miji kuma ya zauna ya sanar da matarsa halin da yake ciki dalla-dalla: albashinsa, irin izinin zamansa, auren da ya taɓa yi, 'ya'yan da yake da su. Mummunan abu ne mace ta fara jin labarin kishiya daga bakin jami'in ofishin jakadanci.

Kuɗi shi ne katangar da ta fi tsayi, musamman a Birtaniya. A watan Yulin 2012 aka fara bukatar mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. Idan daga waje ake nema, albashin wanda ke Birtaniya ake dubawa, yawanci da takardun biyan albashi na wata shida da bayanan banki da suka dace da su. Albashin mai neman shiga ba ya cikin lissafi. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai kuwa sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata shida a asusunsa. Kuɗin da aka aro aka zuba a banki ana saura mako guda ba ya aiki, asali ma zargi yake jawowa. Ga kuɗin neman bizar da ya kai kimanin fam 2,000, ga harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biya dunƙule tun kafin a taka ƙasar. Mai zuwa daga Najeriya zai yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ya kuma ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ji da magana, sai dai in yana da digirin da aka koyar da Turanci kuma aka tantance shi. Bizar farko ta wata 33 ce, a sabunta ta wata 30, a sake biyan kuɗi, a sake jarrabawa mai ɗan wuya, sai bayan shekara biyar a nemi zaman dindindin. A ganina wannan ma'auni bai yi wa talaka adalci ba, domin akwai ɗimbin mutane masu aikin halal na cikakken lokaci da albashinsu bai kai haka ba, kuma ba su fi kowa rashin cancantar zama da iyalinsu ba. Amma doka ce, da ita za a auna.

Wannan tsari na wanda ya auri ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. Ɗalibai da ma'aikata hanyarsu daban, ita ma ta ƙuntata. A 2022 'yan Najeriya ne suka fi kowa kai iyali ta bizar karatu, mutum fiye da 60,000. Daga Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na zaman aji tafiya da mata ko miji, aka bar masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Maris na shekarar aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hani. Iyayen da za su ba da 'yarsu ga wanda "yake Ingila" suna da haƙƙin su tambayi irin bizar da yake zaune da ita, kamar yadda suke binciken asalinsa da sana'arsa.

A Amurka ɗan ƙasa ko mai katin zama ne ke shigar da takardar neman matarsa ko mijinta, ya kuma sa hannu a alƙawarin ɗaukar nauyi, ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar. Idan auren bai cika shekara biyu ba lokacin shiga, katin zama na sharaɗi ake bayarwa na shekara biyu, kafin ya ƙare su sake komawa tare su nuna har yanzu suna zaman aure. Auren bogi don takarda hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Siyasa ma tana iya rufe ƙofar dare ɗaya: a Fabrairun 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, ciki har da matan aure, sai a Janairun 2021 Biden ya ɗage. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a duba shafin gwamnatin ƙasar na ranar, kada a dogara da labarin wanda ya tafi shekara uku da suka wuce.

Mai mata fiye da ɗaya ya sani tun yanzu, babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da za ta ba shi damar kai biyu. Birtaniya ba ta ba wa wata biza matuƙar akwai matar da ta riga ta shiga a matsayin matarsa kuma auren yana nan. Amurka auren farko kaɗai ta sani. Saudiyya kuma nata sharuɗɗan daban: mai iƙama sai sana'arsa da albashinsa sun ba shi damar kawo iyali, kuma tun 2020 ana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa. Ɗan Saudiyya kuwa ba ya auren baƙuwa a hukumance sai da izinin ma'aikatar cikin gida. Masu shiga da bizar Umara su maƙale su yi aure a ɓoye, 'ya'yan da suka haifa ne ke ɗaukar nauyin abin, su tashi babu takardar ko'ina.

Irin wannan gajeriyar hanya ce ejan-ejan ke tallatawa: "ta tafi da bizar ziyara, in ta shiga sai a gyara." A Birtaniya ba a sauya bizar ziyara zuwa ta aure daga cikin ƙasa, sai an dawo gida an nema. Wanda kuma aka kama da takardar jabu ko bayanin ƙarya ana iya hana shi shiga har shekara goma, kuma cewa "ejan ne ya cike mini" ba kasafai take fid da mutum ba, tunda da sunansa aka shigar. Matar aure ta rubuta ba ta da aure don ta samu bizar ziyara, gobe wannan amsar za ta tarar tana jiran ta a kwamfutarsu. Idan an taɓa hana mutum biza a wata ƙasa, ya faɗa. In lamarin ya cakuɗe, lauyan shige da fice mai rajista ya fi ɗan unguwa mai "hanya".

Ina so mata su riƙe wannan da kyau. Wadda ta shiga da bizar aure, zamanta yana rataye da auren, wasu mazan kuma suna amfani da hakan su riƙe fasfo, su yi barazanar "zan sa a mayar da ke." Fasfonki naki ne, ki san irin bizarki da ranar ƙarewarta, ki ajiye kwafin komai a wayarki da wurin wani naki. A Birtaniya, wadda ta shiga a matsayin matar ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, aurenta ya mutu saboda duka ko cin zarafi, tana da damar neman zaman dindindin da kanta ba tare da sa hannun mijin ba. Amurka ma tana da doka makamanciyar wannan tun 1994, kuma maza ma suna iya amfani da ita.

Mu ma a gida dokarmu ba ta rasa nata son kai ba. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai bai wa baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba. Shi sai dai izinin zama, ko ya bi doguwar hanyar da ke bukatar shekara 15 a ƙasar. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin gyara wannan, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofarta. Nijar ta riga mu: tun 2014 dokarta ta bar mace ta bai wa mijinta baƙo ƙasa, ta kuma halatta riƙe ƙasa biyu, abin da Kamaru ba ta yarda da shi ba ga manya.

Auren Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, ba ya neman biza, shi ya sa ba a damu da takarda ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta bayar na shiga babu biza, zama mai tsawo yana bukatar katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, duk da cewa ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna zirga-zirga har sai an sake tsari. Iyalin da ke da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare su yi wa aurensu takarda, su yi wa kowane yaro rajistar haihuwa a inda aka haife shi, su kuma nema masa shaidar ƙasar ɗaya mahaifin tun yana ƙarami, lokacin da shaidu da takardun asibiti suke kusa.